Yadda Tauraron Ɗan'adam Ke Bin Sawun Laka a Tekun Murjani

Tambaya: Malam, na ji ana cewa masana suna amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen lura da lakar da ke taruwa a kan duwatsun murjani a cikin teku. Ta yaya na'urar da ke can sararin samaniya za ta ga abin da ke ƙarƙashin ruwa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Gaskiyar magana ita ce, tauraron ba ya ganin lakar da ta riga ta kwanta a kan murjani. Abin da yake aunawa shi ne launin ruwan da ke ɗauke da ita, domin ruwa mai tsabta yana shanye jan haske, shi kuwa gurɓataccen ruwa yana mayar da shi sama, kamar yadda kogi kan yi jawur bayan ruwan farko na damina. Daga ƙarfin wannan haske ne ake lissafa yawan lakar.

Abin da ya sa ake damuwa shi ne, murjani halitta ce mai rai, kuma a cikin jikinta akwai ƙananan tsirrai masu samar mata da abinci ta hanyar hasken rana. Idan laka ta tare hasken, ko ta lulluɓe ta, sai yunwa ta kama ta.

A gaɓar jihar Kwinsland ta Ostireliya, inda jerin murjani mafi girma a duniya ya miƙe kimanin kilomita 2,300, kogin Burdekin ne kan gaba wajen kwararo laka, mafi yawanta daga zaizayar ƙasa a filayen kiwon shanu. A ambaliyar watan Fabrairu na 2019, hotuna sun nuna ruwan kogin ya kutsa cikin shuɗin teku har tsawon kilomita masu yawa. Na'urar MODIS da ke kan taurarin ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana ɗaukar hoto kusan kullum, amma ba ta fitar da ƙananan abubuwa. Tauraron Sentinel-2 na Turai kuwa yana bambance fili mai faɗin mita 10, sai dai yana dawowa ne bayan kwana 5.

Gajimare babban cikas ne, kuma a lokacin ambaliya, lokacin da aka fi buƙatar hoton, ya fi rufe sama. Haka nan farin yashi a ruwa marar zurfi yakan ruɗar da lissafin. Shi ya sa har yanzu masana kan fita da jirgin ruwa su ɗebo ruwan su auna, su kuma dasa bututu a gefen murjanin don tara lakar da ke sauka, sannan su gwada da abin da tauraron ya nuna.