A kan me ƙungiyoyin masu kiwon karnuka suke ba da kyautar shekara?

Malam, ka ce a Damagaram aka nuna maka hoton karen Azawak da kofi a gabansa, kana tambaya ko farauta ce ta jawo masa shi.

Ba farauta ba ce. A Turai da Amurka kusan kowane jinsin kare yana da ƙungiyar masu kiwonsa, kuma akwai rubutaccen bayani na yadda ake son jinsin ya kasance, tun daga tsayi da siffar kai har zuwa takunsa. A filin gasa alƙali yakan buɗe bakin karen ya duba haƙora, ya shafa ƙirji da gadon baya, sannan mai shi ya zagaya da shi yana sassarfa. A ganina mafaraucinmu zai raina wannan ma'auni, tunda ba a tambayar ko karen ya taɓa kama zomo.

Kyautar shekara kuwa, ƙungiyoyi da dama sukan tara makin da kowane kare ya samu a gasannin shekarar, su karrama wanda ya fi da kofi ko takardar shaida, domin kuɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. A Ingila, inda ake babbar gasar karnuka ta Crufts tun 1891, kare yakan zama zakara idan alƙalai uku daban-daban suka ba shi takardar fifiko. Azawak, wanda asalinsa Sahel ne, sai a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta amince da shi gaba ɗaya a matsayin jinsi.