Kalmomi da Karin Magana: "Tashi in taimake ka" a wajen Yahudawa

Tambaya daga Zariya: Malam, wai Yahudawa ma suna da irin maganarmu ta "Allah ya ce tashi in taimake ka"?

Kafin komai, a daina kiranta aya. Karin magana ce, ba ta cikin Alƙur'ani, kuma masu jefa ta cikin wa'azi kamar nassi su yi hattara.

Kusanci kam akwai. Masu ilimin baɗini na Yahudawa, wato Kabala, suna cewa *itaruta diletata* da Aramiyanci, ma'ana farkawa daga ƙasa. Littafin Zohar, babban littafin Kabala, wanda ya bayyana a Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 13, ya kafa hujja da Littafin Farawa 2:6 na Attaura, inda tururi ya tashi daga ƙasa kafin ta sha ruwa. Bawa ne zai fara, da addu'a ko sadaka ko kiyaye umarni, cikin niyya. Aikin nan ya motsa Malkut, ta ƙarshe cikin matakai goma na bayyanar ikon Allah da suke kira *sefirot*, sannan albarka ta sauko. Malaman Hasidawa, wata ƙungiyar masu ibada ta Yahudawa, sun ƙara da cewa farkawar da ta zo daga sama kyauta ba ta daɗewa, don ba ta tarar da mazubi ba.

Sai dai kada a haɗa su gaba ɗaya. Shi Bahaushe, raggo yake yi wa faɗa. Su kuwa cewa suke aikin ɗan Adam yana taɓa al'amuran sama su kansu, abin da karin maganarmu ba ta taɓa nufi ba.

Tambaya daga Maraɗi: Kalmar Ibrananci *tsaddik*, waliyyi take nufi?

Fassarar masu gaggawa ke nan. Tushensa ɗaya da siddiƙi da sadaka, kuma "adali" ya fi kusa. Daga Littafin Karin Magana 10:25 na Baibul masu Kabala suka ɗauko cewa adali tushen duniya ne, suka danganta shi da Yesod, mataki na tara, mashigar da albarka ke bi zuwa Malkut. Misalinsu Annabi Yusufu, saboda kamun kansa. Sai a ƙarni na 18, a Gabashin Turai, Hasidawa suka mai da *tsaddik* jagoran jama'a: mabiyi ya rubuta buƙatarsa a 'yar takarda, *kvitel*, ya miƙa masa, shi kuma ya ɗaga addu'ar sama. A nan ne kawai ya ɗan yi kama da shehin ɗariƙa.

Tambaya: Nawa ne adalan da Yahudawa ke cewa suna nan a ɓoye cikin jama'a?

Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ce adalai ba sa gaza 36 a kowane zamani; daga baya ne aka ce a ɓoye suke.

Tambaya: Jam'in *tsaddik* fa?

*Tsaddikim*. Ban yarda da "tsaddikai" ba.