Amsoshin Tambayoyinku: Shirin Jana'izar da Ba Ta Cutar da Muhalli

Tambaya: Na haura shekara saba'in, ina zaune a Ingila tare da 'ya'yana. Ina son a binne ni ta hanyar da ba za ta gurɓata ƙasa ba, amma duk lokacin da na ɗauko maganar sai su fashe da kuka. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kukan nasu na ƙauna ne, kada ya hana ki yin abin da ya dace, domin wasiyya ba ta kawo ajali, kuma ita ce za ta sauƙaƙa musu a ranar da hankalinsu ba zai kasance a jikinsu ba. Ki rubuta abin da kike so a takarda, ki sa hannu a gaban shaidu, ki ba mutum biyu da kika amince da su kwafi. Abin da kike nema ba shi da wuyar samu a inda kike: tun 1993 aka buɗe maƙabartar farko ta irin wannan tsari a garin Carlisle, inda ake dasa itatuwa maimakon kafa duwatsu, kuma yanzu irinta sun bazu a ƙasar. Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya je ya tambaya ko suna karɓar gawa cikin likkafani kaɗai, da kuma wanda zai kula da filin bayan kaburbura sun cika.

Tambaya: Shin ƙona gawa bai fi binnewa kare muhalli ba, tunda ba ya cin fili?

Amsa: Malam, fili kaɗai ka duba. Tandar ƙona gawa tana cin iskar gas ko lantarki mai yawa kafin zafinta ya kai digiri 800 ko fiye, tana fitar da hayaƙi mai ɗumama yanayi, har da sinadarin makuri idan mamacin yana da irin cikon haƙori na da. Akwai hanyar narkar da gawa da ruwan zafi da sinadari, wadda babban limamin coci na Afirka ta Kudu, Akbishop Desmond Tutu, ya zaɓa kafin rasuwarsa a Disamban 2021, da kuma mayar da gawa taki, wanda jihar Washington ta Amurka ta fara halattawa a 2019. Dukkansu sun fi wuta sauƙin makamashi, amma ba ko'ina doka ta yarda da su ba. Musulunci ya haramta ƙona gawa, saboda haka mai addini ya fara tuntuɓar malamansa kafin ya tuntuɓi kamfani.

Tambaya: Wani kamfani yana tallan akwatin gawa mai kare muhalli da tukunyar toka da ke zama bishiya, kuma ya ce in biya duka yanzu in sami rangwame. In biya?

Amsa: 'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki tukuna. Babu abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kamar yadda 'yan kasuwa suka gano cewa mai baƙin ciki ba ya ciniki, suka kuma gano cewa da zarar an manna hoton koren ganye a jikin kaya, farashinsa ya tashi. Ki je ki ga akwatin da idonki, ki ɗaga murfin, ki shafa cikinsa. Sau da yawa za ki tarar an shimfiɗa leda a ƙasa, hannayen da ke ƙyalli kamar tagulla roba ce aka yi wa fenti, katakon kuma garin itace ne da aka haɗa da gam mai sinadarin fomalin. Wannan sinadari shi ne ake ɗura wa gawa don ta daɗe ba ta lalace ba, kuma tun 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke jawo wa mutum cutar daji. Ko akwatin kwando da aka saƙa da hannu, idan daga wata nahiya aka yi jigilarsa, sai an rage masa lada.

Tukunyar bishiyar kuwa, tokar gawa tana da gishiri da kaifi irin na kanwa, waɗanda ke iya ƙona saiwar ƙaramin dashe idan ba a gauraya ta da ƙasa mai yawa ba, ga shi kuma an riga an ƙona makamashin kafin a zo ga dashen. Abin da ya fi duka sauƙi ga ƙasa shi ne mafi arha: likkafanin auduga ko akwatin katako marar fenti, ba sinadari, ba rufin kankare. A Amurka, maƙabartu ne galibi ke tilasta wannan kankaren don kada kabari ya lotsa, kuma dokar jana'iza ta tarayya da ta fara aiki a 1984 ta ba mutum haƙƙin karɓar jerin farashi dalla-dalla da sayo akwati daga wani wuri.

Game da biyan kuɗi tun da rai, ki tuna cewa kamfanin Safe Hands na Birtaniya, mai karɓar kuɗin jana'iza tun mutum na da rai, ya durƙushe a 2022, ya bar dubban mutanen da suka biya cikin zullumi, kuma a Yulin shekarar ne hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar ta fara sa ido kan irin wannan ciniki. Ki tambaya wa ke riƙe da kuɗin, me zai faru idan kin ƙaura ko kin fasa, kuma a rubuta amsar cikin yarjejeniya. Idan suka ƙi, ki ajiye kuɗin a asusu na daban wanda magadanki suka san da shi.

Tambaya: Na gani a intanet cewa ana daskarar da gawa a girgiza ta ta zama gari. Ina zan yi rajista?

Amsa: Babu inda za ka yi, kuma da ka ɗan bincika kafin ka rubuto da ka gane haka. Kamfanin Suwidin da ya yi ta tallata wannan dabara ya karye a 2015 ba tare da ya kafa ko wuri ɗaya da ake yin wannan aiki ba. Duk wanda ya nemi kuɗinka a kanta, ka kai ƙararsa ga hukumar kare haƙƙin masu saye.