Gwanda ta yi fure amma ba ta haihuwa

Ɗan'uwa, ka ce ka shuka gwanda a gidanka a Argungu, ta yi tsawo, tana fure amma ba ɗa ko ɗaya. Duba furen. In ƙanana ne, tuli guda a kan dogon sanda suna reto, namiji ka samu, kuma ba zai haihu ba. Furen mace babba ne, manne da jikin itacen.

Shi ya sa ake zuba iri uku ko huɗu a rami ɗaya. Idan sun yi fure sai ka bar mace, ka cire saura, amma ka rage namiji a wani ramin don matan su haihu. Namiji ɗaya ya ishi mata goma. Bar tazarar mita 2 zuwa 3, ka zuba takin gargajiya da ya ruɓe. Ka kiyayi wurin da ruwa ke kwanciya da damina, irin ƙasar fadama, don saiwarta saurin ruɓewa gare ta. Da bazara kuwa kada ta rasa ban ruwa. Cikin shekara guda za ka ci, in sha Allah.

Nunanniya tana sauƙaƙa bayan gida, ɗanya kuma tana tausasa nama a tukunya. Amma don Allah mai ciki ta guji ɗanyar. Ganyen da ake dafawa don zazzaɓi ko shawara kuma, kada ya hana ka kai yaro asibiti a gwada jininsa.