Tambaya da Amsa: Me Kifin Bas Mai Ratsi Yake Ci?

Tambaya: Malam, ɗan'uwana da ke zaune a Amurka ya ce masu fatsa don nishaɗi sukan kwana a bakin teku suna neman wani kifi mai ratsi. Me yake ci, kuma me ya sa sai da dare?

Amsa: Kifin da ɗan'uwanka yake nufi shi ne bas mai ratsi, wanda asalinsa gabar Tekun Atlantika ce ta Arewacin Amurka. A teku yake rayuwa, amma idan bazara ta yi yakan haura ruwan daɗi domin ya saki ƙwai, musamman a kogunan da ke kwarara cikin Mashigin Chesapeake da kuma Kogin Hudson.

Mafarauci ne marar zaɓe. Yana ƙarami, jatan lande da tsutsotsin ruwa yake ci, amma da ya girma sai ya koma kan ƙananan kifaye masu tafiya garke-garke, musamman wani mai maiƙo da ake kira manhadan, har da ƙaguwa. Ya fi farauta da asuba da almuru da tsakar dare, kuma yakan laɓe bayan duwatsu lokacin da ruwan teku yake hawa ko sauka, domin igiyar ruwa ce ke koro masa abinci. A ganina, wanda ya san lokacin motsin ruwa ya fi mai tsadar sandar fatsa samun rabo.

Yawan kamu ya kusa ƙarar da shi, har majalisar Amurka ta yi dokar kare shi a 1984. Shi ya sa jihohi suke ƙayyade tsawon kifin da za a riƙe, sauran kuwa a mayar da su ruwa da ransu.