Cif iri ɗaya ne, amma sikirin ya ƙi amsa taɓi bayan fulashin

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre a nan Kano. An kawo mini tablet da ta maƙale a tambarin kamfani, na rasa ainihin fayil ɗinta, sai na loda mata na wata mai cif iri ɗaya. Ta tashi, hoto ya fito, amma sikirin ba ya amsa taɓi kuma sauti ya ɗauke. Wani abokin sana'a ya ce dtb ne bai dace ba. Mene ne dtb, kuma me ya hana kenel gano kayan na'urar da kansa?

Amsa: Malam, abokin naka ya hango inda matsalar take. Akwai kayan da suke gabatar da kansu, akwai kuma waɗanda sai an gabatar da su. Idan ka soka filas a kafar USB, shi ne zai faɗa wa kenel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, lambar kamfanin da ya ƙera shi da irin aikinsa, haka ma katin da ke kan layin PCI. Amma yawancin abin da ke kan fanel ɗin waya ko tablet, wato allon cikinta da aka dasa cif-cif a kai, irin su cif ɗin taɓi da na sauti da na caji, suna rataye ne a layuka irin su I2C da SPI, waɗanda ba su da hanyar tambayar wane ne a can. Dole wani ya rubuta wa kenel na Linux cewa abu kaza yana layi kaza, a adireshi kaza.

Wannan rubutun shi ne bishiyar na'urori, wadda masu harkar suke kira Device Tree. Injiniya yana rubuta ta a fayil mai ƙarshen dts, manhajar dtc ta mayar da ita dtb, wato sigar da kenel ke iya karantawa, sannan manhajar da ke tada na'ura, kamar U-Boot, ta miƙa wa kenel ita tun kafin ya fara komai. Bayanin cif yana zama a fayil na daban mai ƙarshen dtsi, wanda duk na'urorin da ke amfani da cif ɗin suke tarayya a kansa, shi kuwa bayanin fanel kowace na'ura da nata. A nan aka yi tuntuɓe. Cif ɗaya, fanel biyu.

Ɗauki reshen bishiyar da ke bayanin cif ɗin taɓi kaɗai. A ciki akwai layin compatible, wanda a kenel na asali zai iya zama "goodix,gt911", da layin reg mai adireshi kamar 0x5d, da lambar ƙafar da cif ɗin taɓi yake zungurar babban cif da ita duk lokacin da yatsa ya sauka, da wata ƙafar ta farfaɗo da shi. Kenel yana karanta compatible ya nemo direban da ke ɗauke da wannan suna, wato ƙaramar manhajar da ta san yadda ake sarrafa cif ɗin. To idan tablet ɗin hannunka tana da cif ɗin FocalTech a adireshi 0x38, direban Goodix zai ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa, ya haƙura, shi kuma na gaskiyar ba wanda zai kira shi. Ko da cif ɗin taɓin ɗaya ne, ƙafa guda ta sauya ya isa. Abin da ya fi damuna ma shi ne bishiyar tana ɗauke da iyakar ƙarfin wutar da ake ba kowane ɓangare, don haka wadda ba ta dace ba tana iya lalata kayan mutane.

Tsarin ya samo asali daga Open Firmware, wanda aka yi wa ƙa'idar IEEE 1275 a 1994, Linux ya fara amfani da shi sosai a kan cif ɗin PowerPC. A ɓangaren ARM kuwa, wato irin cif ɗin da ke cikin yawancin wayoyi, a da kowane fanel yana da nasa fayil na harshen C a cikin kenel, har suka yi yawan da Linus Torvalds ya fito ya koka a 2011, daga nan aka koma wa bishiyar na'urori gadan-gadan. Kwamfutocin Intel da AMD suna samun irin wannan bayani ne ta wani tsari daban mai suna ACPI, shi ya sa Windows ɗaya yake hawa kwamfutoci barkatai.

Shawarata ita ce ka nemi tablet mai lambar fanel iri ɗaya, lambar da ke rubuce a jikin fanel ɗin idan ka buɗe murfi, domin sunan da ke bayan kwali ba abin dogaro ba ne. A Android bishiyar takan zauna a ɓangaren ma'ajiyar na'ura mai suna dtbo ko a haɗe da boot, wato ɓangaren da kenel yake, kuma za ka gane farkonta da lambar d00dfeed. Umarnin dtc -I dtb -O dts zai mayar maka da ita rubutu, ka jera ta kusa da wadda ka loda, ka kwatanta reshen taɓi da na sauti. Sai dai gyaran bishiya ba zai wadatar ba idan kenel ɗin da ka loda ba shi da direban cif ɗin tun asali. A nan sai ka ɗauko boot da dtbo tare daga na'ura guda. Kuma daga yau, kafin ka goge kowace na'ura, ko da ta maƙale, ka fara kwafe waɗannan ɓangarori biyu ka adana su da lambar fanel ɗinta.