Auna hasken gama da ruwan zinon: yadda yake aiki da inda ya fi amfani

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin fiziks ne, kuma na'urar jamaniyom da ta sodiyom ayodaid kaɗai muka sani wajen auna hasken gama, wato hasken nan mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani. Na ji cewa akwai masu sanyaya iskar zinon ko argon har ta zama ruwa su yi wannan aiki da ita. Yaya abin yake, kuma shin ya fi jamaniyom?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wajen tantance ƙarfin hasken daidai-wa-daida, jamaniyom ne har yanzu a gaba, domin kuskurensa bai cika wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba, alhali mafi kyawun na'urorin ruwan zinon suna kusa da kashi 1, sodiyom ayodaid kuwa kusan kashi 7. Fifikon ruwan yana wani wuri dabam: ana iya cika babban tanki da shi, abin da ba ya yiwuwa da dunƙulen jamaniyom, sannan yana nuna ainihin gurbin da hasken ya faɗa a cikinsa.

Idan hasken gama ya shiga ruwan, yakan fizge ilektoron daga jikin atom, wannan ilektoron kuma ya keta ruwan yana barin abu biyu a bayansa: ɗan walƙiyar haske da dubban ilektoron da suka kuɓuce. Walƙiyar tana isa ga na'urorin da ke jikin tankin nan take. Su kuwa ilektoron, ƙarfin lantarkin da aka ɗora wa tankin ne yake jan su a hankali, kimanin milimita 2 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, har su kai ga wayoyin da ke tattara su. Tazarar da ke tsakanin saƙonnin biyu ita ke bayyana zurfin wurin, kamar yadda ake ƙiyasta nisan hadari daga lokacin da ke tsakanin walƙiya da tsawa. Wani abin lura kuma shi ne, duk sa'ad da hasken walƙiyar ya ƙaru, ilektoron kan ragu gwargwadon haka, saboda haka sai an haɗa ma'aunin biyu kafin a sami sakamako mai kyau.

Zinon ne aka fi so don auna hasken gama saboda lambarsa ta atom 54 ce, kuma ruwansa ya ninka ruwan sha nauyi kusan sau uku, shi ya sa yake tare hasken cikin ɗan tazara. Yana zama ruwa a digiri 108 ƙasa da sifiri. Argon yana da araha ƙwarai tunda kusan kashi 1 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, sai dai lambarsa 18 ce kawai, kuma yana buƙatar digiri 186 ƙasa da sifiri. Kirifton, wata iska ta danginsu, yana tsakani, amma yana ɗauke da kirifton-85 mai fitar da nasa tururin.

A ganina, babbar wahalar aikin ita ce tsabta, ba sanyi ba. Iskar oksijin tana cafke ilektoron kafin su isa wayoyi, danshi kuma yana shanye hasken walƙiyar, don haka dole a rage su zuwa kusan kashi ɗaya cikin biliyan, a riƙa zagaya zinon ɗin ta cikin matata mai zafi dare da rana. Ga kuma tsadarsa, domin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan 10 na iska ne.

Tun 1968 masanin fiziks Luis Alvarez ya kawo shawarar amfani da ruwan zinon, amma sai daga baya abin ya kankama. A cibiyar Paul Scherrer da ke Suwizalan, gwajin MEG ya zuba lita 900 na ruwan domin farautar hasken gama mai ƙarfin MeV 52.8 (MeV ma'aunin ƙarfin irin wannan haske ne) da ake zaton ƙwayar miyon, 'yar'uwar ilektoron da ta fi shi nauyi, za ta iya fitarwa. Masanan Jami'ar Columbia ta Amurka, ƙarƙashin Elena Aprile, sun harba na'urar LXeGRIT da balan-balan domin gano ɓangaren samaniya da hasken gama ke fitowa. A birnin Nantes na Faransa kuwa, an ƙirƙiro tsarin XEMIS don hoton likitanci da sinadarin sikandiyom-44, wanda ke ba da haskoki uku kusan lokaci guda, kuma manufar ita ce a rage yawan sinadarin da ake sa wa majinyaci a jiki.